Rabat, Fas da Marrakesh a jirgin ƙasa: yadda aka gyara tsarin tafiyar wani iyali ta kwana 10 a Maroko

Iyalin mutum biyar ne daga Kano: dattijo mai shekara 70 da ɗoriya, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, mai fama da ciwon gwiwa, uwargidansa, babban ɗansu da matarsa, sai jika 'yar makarantar firamare. Kwana 10 gare su a Maroko a ƙarshen Oktoba. Za su sauka filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar da ke Kasablanka ranar Talata, su tashi ranar Juma'ar makon da ke biye da dare. Dattijon bukatarsa guda ce, ya yi Juma'a a Fas, ya zauna zikirin yammacin Juma'a a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Sauran suna son ganin tsofaffin birane, makarantu, fadoji da kasuwanni. An yanke cewa jirgin ƙasa za a bi, don kada a wahalar da tsofaffin a mota.

Tsarin farko da ɗan ya rubuta ya jera birane kamar haka: Kasablanka kwana 2, Marrakesh 2, Fas 2, Shafshawan 1, Tanja 1, Rabat 1, sannan a koma Kasablanka a yi kwanan ƙarshe. A takarda lissafin ya cika goma cif. Amma in aka ɗora shi kan kalanda sai a ga Juma'ar ta faɗo a Marrakesh, ba a Fas ba, wato an rasa ainihin abin da ya fito da dattijon daga gida. Asabar kuma, wadda aka lissafa cikin kwanakin Fas, a cikin tarago za ta ƙare. Shafshawan, garin nan mai shuɗin bango da hotunansa suka cika intanet, ko layin dogo babu a cikinsa. Daga Fas sai an shiga bas ta yi ta kwana-kwana a duwatsun Rif na wajen awa 4, washegari a sake shiga wata zuwa Tanja. Ga masauki bakwai, kowanne sai an kwance kaya an sake ɗaurewa.

Yadda layin dogon yake

Tushen kuskuren shi ne an dubi taswirar ƙasa, ba a dubi ta layin dogo ba. Layin ONCF, hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, kamar gwafa yake. Kututturen ya taso daga Marrakesh a kudu, ya bi ta Benguerir da Settat zuwa Kasablanka, ya bi bakin teku ta Rabat da Sale har Kenitra. A nan ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe arewa zuwa Tanja, shi ne sabon layin jirgi mai gudu, Al Boraq, da aka buɗe a Nuwamba 2018, wanda yake kaiwa kilomita 320 a awa tsakanin Kenitra da Tanja, ya haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa 2 da minti 10 ko kusa da haka. Ɗaya reshen ya karkata gabas ta Sidi Kacem zuwa Miknas da Fas, ya zarce Taza da Ujda.

Babu layin da ya ratsa tsakiyar ƙasar daga Fas zuwa Marrakesh. Jirgin da ke haɗa su sai ya fito bakin teku ya bi duk kututturen, shi ya sa tafiyar take cin awa 6 da rabi zuwa 7. Jiragen da ke bin wannan hanya ana kiransu Al Atlas. Rabat zuwa Fas wajen awa 3 ne, Kasablanka zuwa Marrakesh kusan awa 3, Miknas zuwa Fas kuwa ba ta kai awa guda ba. An ƙaddamar da aikin miƙa layin jirgi mai gudu daga Kenitra zuwa Marrakesh a 2025, saboda gasar cin kofin duniya ta 2030, kuma aikin yana sa a riƙa taɓa jadawalin wasu jirage. Don haka jadawalin da wani ya ɗauka hoto bara ba abin dogaro ba ne, sai an sake dubawa ana saura mako guda a tashi.

Tsarin da aka gyara

An fara kafa Juma'ar Fas, sannan aka gina sauran kwanakin kewaye da ita. Talata daga filin jirgi kai tsaye zuwa Rabat, kwana 2. Alhamis da safe a wuce Fas, kwana 4, a cikinsu a ware Lahadi don zuwa Miknas da Walili, kufan wani garin Rumawa, a dawo. Litinin doguwar tafiya zuwa Marrakesh, kwana 3. Alhamis a dawo Kasablanka a kwana, a yi Juma'a a masallacin Hasan na Biyu, da dare a tashi. An cire Tanja da Shafshawan gaba ɗaya.

Wani abin lura shi ne awoyin zama a abin hawa ba su ragu sosai ba, daga kamar 19 ne suka koma 16. Ribar tana wajen masauki, wanda ya sauko daga bakwai zuwa huɗu. A Maroko jirgin ƙasa shi ne sashe mai sauƙi na tafiyar. Wahalar tana tsakanin ƙofar tasha da ƙofar masauki, domin duk tashoshin a sabbin unguwannin da aka gina zamanin Faransawa suke, tsofaffin biranen kuma suna cikin ganuwa, inda mota ba ta iya shiga yawancin lungunan. Kowane sauyin gari yana cin wajen awa 2 a kan abin da tikiti ya nuna, in aka haɗa ɗaure kaya, fitowa da su daga lungu, neman tasi, jiran jirgi, da maimaita duk wannan a ɗaya ɓangaren.

Akwai wani jeri da aka auna aka bari: a wuce Fas tun ranar sauka, a yi kwana 4, a sa Rabat a tsakiya, sannan Marrakesh. Wannan yana raba tafiyar awa 7 gida biyu, kuma ga matasa ya fi. Amma yana nufin ƙarin awa 4 da rabi a jirgin ƙasa ga tsofaffin da suka baro Kano tun jiya, suka kwana a kujerun filin jirgi a Legas. Rabat ita ce ta fi dacewa da mutum mai gajiya, tituna masu faɗi, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kuma masu damun baƙo da talla ba su da yawa.

Takardu, kuɗi da tikiti

Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza, kuma cikin abin da akan nema akwai shaidar masauki da tikitin dawowa. Dabara a nan ita ce a kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, kada a biya wanda ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. 'Yan Nijar sun daɗe suna shiga ba biza, amma dokokin shiga sukan sauya, sai a tambayi ofishin jakadanci kafin sayen tikitin jirgin sama. Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasablanka kai tsaye.

Dirhami, kuɗin Maroko, ba kuɗin da ake saye a wajen ƙasar ba ne, kuma an taƙaita adadin da ake fita da shi. A riƙo dala ko yuro, sababbin takardu marasa yagewa, a canja kaɗan a filin jirgi don tikiti da tasi, sauran a canja a cikin gari inda farashi ya fi kyau. Dala ɗaya tana kaiwa dirhami 9 zuwa 10. A adana rasidin canji, da shi ake mayar da ragowar dirhami ranar tafiya. Kuɗin shiga wuraren tarihi ga baƙo yana kamawa daga dirhami 20 zuwa 100 kowane mutum, kuma yawanci tsabar kuɗi ake karɓa.

Ana sayar da tikitin jirgin ƙasa a shafin ONCF na intanet da manhajarsu da kuma tagar tasha. Shafin yakan ƙi karɓar katunan bankin waje, katin naira kuwa ba a ma sa rai da shi. Abin da aka tsara wa wannan iyali shi ne ɗan ya tsaya a taga tun ranar sauka ya sayi dukkan manyan tikitocin uku a zama ɗaya: Rabat zuwa Fas, Fas zuwa Marrakesh, Marrakesh zuwa Kasablanka. Ya rubuta ranaku da lokuta da adadin mutane a takarda ya miƙa, don kada a sami saɓani tsakanin Larabcin makaranta da Darijar ma'aikacin, wato Larabcin gida na Maroko. Farashi yana hawa in ranar tafiya ta matso, kujerun aji na ɗaya kuma su ne suke fara ƙarewa.

Aji na ɗaya ya fi na biyu tsada da wajen rabin kuɗin. A taragun Al Atlas masu ɗakuna, ɗakin aji na ɗaya kujera 6 ne, na biyu 8. Ga mutum biyar wannan kusan ɗaki guda ke nan nasu su kaɗai, matan su sake, dattijo ya miƙe ƙafa. A gajeruwar tafiya irin ta Miknas ba ya biyan kuɗinsa, amma a ta Marrakesh bai kamata a yi jayayya ba. Dole a ce wa mai tagar a haɗa kujerun wuri ɗaya, in ba haka ba na'ura za ta iya watsa su tarago daban-daban. A jikin tikiti da allon tasha kalmomi uku na Faransanci ne ake bukata: Voie lambar layin da jirgi zai tsaya, Voiture lambar tarago, Place lambar kujera. 'Yan Nijar a nan ba su da matsala.

Sunayen tashoshi suna ɓatar da baƙi. Jirgin filin jirgin sama yana tashi daga ƙarƙashin ginin filin kusan duk awa, ya tsaya L'Oasis, sannan Casa Voyageurs bayan kamar rabin awa, ya ƙare a Casa Port. Casa Voyageurs ita ce babbar mahaɗa, nan ake sauya jirgi zuwa Rabat, Fas, Marrakesh ko Tanja. Rabat tana da Rabat Agdal, inda Al Boraq yake tsayawa, da Rabat Ville da ke kan titin Muhammadu na Biyar kusa da tsohon gari. Wanda ya yi gyangyaɗi ya wuce su zai tsinci kansa a Sale, ƙetaren kogin Bu Ragrag. A irin waɗannan tashoshi na kan hanya jirgi minti biyu ko uku yake tsayawa, saboda haka a kai akwatuna bakin ƙofa tun kafin ya rage gudu, ɗan ya fara sauka ya karɓi kaya, sannan tsofaffi.

Tasi ma tana da nata lissafin. Ƙaramar tasi ta cikin gari fasinja uku kawai doka ta yarda ta ɗauka, kuma direbobi ba sa karya wannan ko da yarinya ce ta huɗun. Mutum biyar tasi biyu ke nan a kowane motsi. Aka raba su haka: ɗan da iyayensa a ɗaya, matarsa da yarinyar a ɗaya, kowace mota da katin masauki mai adireshi, kowace da waya mai layin Maroko. Ana samun layin Maroc Telecom, Orange ko Inwi a filin jirgi da fasfo. Kowane gari da launin tasinsa: ja a Kasablanka da Fas, shuɗi a Rabat, ruwan ƙasa a Marrakesh. Suna da mita, kuma da dare ana ƙara rabin kuɗin. Waɗanda suke jira daf da ƙofar tasha su ne suka fi ƙin kunna mita; ɗan taku kaɗan zuwa bakin titi yana warware matsalar.

Rabat

Yini ɗaya cikakke ya isa. Da safe hasumiyar Hasan, wadda Sarki Yaƙubu al-Mansur na daular Muwahhidai ya fara, aikin ya tsaya da rasuwarsa a 1199, aka bar ta a mita 44 tare da ɗaruruwan ginshiƙan masallacin da ba a rufa ba. A fili ɗaya take da hubbaren Sarki Muhammadu na Biyar da aka kammala a 1971. Da yamma kasbar Udaya, tsohuwar unguwa mai ganuwa a bakin kogi. In ƙarfi ya saura, Shalla, inda maƙabartar sarakunan Banu Marin take a kan kufan garin Rumawa.

Fas, inda tsarin ya fi bukatar kulawa

Tsohon birnin, Fas al-Bali, a cikin kwari yake. Daga ƙofar Bab Bujulud da ke sama, manyan hanyoyi biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suna gangarawa har wajen masallacin Ƙarawiyyin da ke ƙasa kusa da kogi. Mota ba ta shiga. Kaya a bayan alfadari da jaki da amalanke suke tafiya, in aka ji an ce "Balak!" sai a manne da bango. Yawancin baƙi suna kama masauki kusa da Bab Bujulud don suna ganin nan ne bakin gari, sai su tarar kullum da yamma suna da hawan tudu na fiye da kilomita guda. Mai ciwon gwiwa ba zai jure wannan kwana huɗu ba.

Zawiyar Shehu Tijjani tana unguwar Balida, can ƙasa, 'yan mintoci daga Ƙarawiyyin. Wurin da mota take iya kusantarta shi ne dandalin Rasif. Saboda haka aka nemi masauki a ɓangaren Rasif, aka kuma aika wa mai masaukin tambayoyi uku a rubuce kafin a biya: minti nawa ne a ƙafa daga inda tasi take tsayawa, akwai ɗaki a ƙasa mai banɗaki a ciki, kuma zai turo mai amalanke ya tare su. Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci. Gidajen gargajiya da aka mayar masauki, waɗanda ake kira riyad ko dar, dogaye ne masu tsakar gida, matakalarsu matsattsa ce mai tsayin taku, kuma da wuya a sami lif. Hotunan da suke sawa a intanet na tayal da maɓuɓɓugar ruwa ne, ba sa nuna matakala.

Da wannan masauki, yawon kallo ya koma gangara zalla. A ɗauki tasi daga Rasif a zagaya ta wajen ganuwa zuwa Bab Bujulud, a sauko a ƙafa ta Tala'a Kabira, a tsaya makarantar Bu Inaniyya da Sarki Abu Inan ya gina tsakanin 1350 da 1355, a ci gaba zuwa makarantar Aɗɗarin ta 1325, zawiyar Maulaya Idrisu na Biyu, sannan Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya danganta kafuwarsa ga Faɗimatu al-Fihriyya a 859. An sa wannan yawo ranar Asabar, ba Juma'a ba, domin ranar Juma'a shaguna da yawa a tsohon Fas a rufe suke, musamman bayan sallah.

Juma'ar ta dattijo ce. A ƙarshen Oktoba rana ba ta fitowa a Fas sai wajen 7:30, azahar tana shiga bayan ƙarfe 1, la'asar bayan 4, magariba wajen 6:30. A fita masallaci da wuri don lungunan suna cushewa, a dawo a huta, a tafi zawiya kafin la'asar don samun wurin jingina. Shehun ya rasu a Fas a 1815, kuma kabarinsa yana cikin zawiyar. Baƙi daga Senegal, Mali, Nijar da Najeriya ba sa yankewa a wurin, ba wuya a ji Hausa a tsakar zawiyar ko a shagunan carbi da littattafai da ke lungun. Mata suna da nasu ɓangaren. A tafi da jakar leda ta saka takalmi. Masallatan Maroko da yawa ana rufe su tsakanin salloli, don haka mai son ganin cikin Ƙarawiyyin ya daidaita zuwansa da lokacin sallah. Bayan magariba kuma ya ɗan zauna, zai ji ana karanta hizbi cikin jam'i da ruwayar Warshu, irin wadda ya taso da ita a makarantar allo.

Majemar Shuwara ba ta da nisa da zawiyar. Ana kallonta ne daga saman shagunan fata, a ba mutum ganyen na'ana'a ya tare hanci, sannan a sa ran zai sayi wani abu ko ya ba da ɗan ihsani. Bakano zai kalle ta da wani ido daban, tunda jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko.

Matsalar da aka fi sani a hanyar Fas tana farawa ne tun cikin jirgi. Wani mai fara'a zai shigo ɗaki bayan Miknas, ya tambayi inda za a sauka, ya ce wannan masauki an rufe shi ko unguwar ba tsaro, ya kawo na ɗan'uwansa, ko ya haɗa ku da ɗan jagora. Amsar ita ce akwai mai jiranmu. In ana son ɗan jagora, a nema ta hannun masauki, mai katin shaida na hukuma, a yi ciniki kan rabin yini, a kuma faɗa masa tun farko cewa ba a son shiga shagon darduma. Rabin yini a ranar farko yana da amfani, don taswirar waya tana rikicewa a lungunan da aka rufa samansu.

Miknas da Walili

An mayar da Miknas tafiyar yini daga Fas, ba zango a kan hanya ba, saboda ba a dogara da samun ma'ajiyar kaya a tashoshin ƙasar. Garin yana da tasha biyu, kuma Al Amir Abdelkader ce ta fi kusa da tsakiyar gari, sai dai a tabbatar jirgin da aka zaɓa yana tsayawa a can. Daga Miknas zuwa garin Maulaya Idrisu Zarhun kilomita 30 ne ko kusa, a babbar tasi mai kujera 6. Mutum biyar su biya kuɗin kujera shida su ɗauki motar shata, su yi ciniki kan zuwa, jira da dawowa, kuma kada a biya duka sai an dawo. A fara da kufan Walili da sassafe, domin fili ne ba inuwa, ƙasar kuma duwatsu ce. Dattijo zai iya tsayawa wajen ƙofar nan mai baka ta Karakalla, sarkin Rum, da gidajen da ke kusa masu adon ƙasa, matasa su ƙarasa. Daga nan kabarin Idrisu na Ɗaya, wanda ya iso yankin a 788 ya kafa daular Idrisawa. Da rana a koma Miknas, babban birnin Maulaya Isma'ila da ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, a ga ƙofar Bab Mansur da hubbaren Maulaya Isma'ilan. An daɗe ana gyare-gyare a wuraren tarihin garin, sai a tambayi masauki wanne ne a buɗe.

Ranar doguwar tafiya

A ɗauki jirgin safe, wajen ƙarfe 8 ko 9, wanda ba a sauya jirgi a hanya. Daga Fas yake farawa, don haka akwai lokacin shiga a tsanake. A yi alwala a masauki, domin banɗakin tarago ruwansa yakan ƙare kafin rabin hanya. A riƙe ƙaramar buta ko gorar ruwa. In aka isa Marrakesh wajen ƙarfe 3 ko 4 sai a haɗa azahar da la'asar a masallacin tasha. Mai tura keken shayi da burodi yana zagayawa, amma ba abincin da zai riƙe tsoho ba ne, gara a sayi gurasa, dabino, zaitun, dafaffen ƙwai da ruwa tun daren Lahadi. Sanyin na'urar tarago wani lokaci yana yin yawa, wani lokaci kuma ta mutu, a ajiye mayafi kusa. Kaya a kan shantar da ke saman kai ake ɗora su, kuma akwati mai kilo 23 ba kowa ne zai ɗaga shi can ba. Matsakaitan akwatuna huɗu sun fi manya biyu. Jinkirin minti 20 ko 30 ba baƙon abu ba ne a Al Atlas, kada a sa wani shiri a yammacin ranar.

Marrakesh

Tashar tana unguwar Geliz, kamar kilomita 3 daga dandalin Jami'ul Fana. Garin a shimfiɗe yake, ba tudu, amma babura suna ratsa lunguna da gudu, a riƙe hannun yarinya a bi gefen dama. Sarakunan daular Murabiɗai ne suka kafa shi wajen 1070. An raba yini biyun gida biyu. Na farko na kudancin gari: masallacin Kutubiyya, kaburburan Sa'adiyawa, fadar Bahiya, da kufan fadar Badi'i ta Sarki Ahmadul Mansur, wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a 1591, aka kuma kawo malamin Tumbuktu Ahmadu Baba wannan gari ya yi shekaru yana karantarwa kafin a bar shi ya koma. Na biyu na arewaci: makarantar Bin Yusuf da aka sake ginawa a 1565, da ziyara. Cikin waliyyai bakwai na Marrakesh, biyu ne sunayensu suka fi zama a kunnen Bahaushe, Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, kabarinsa yana kusa da ƙofar Bab Ailan, da Imam Jazuli mai Dala'ilu, a arewacin tsohon gari. Wuraren bakwai a warwatse suke, wasu a bakin ganuwa, zagaya su duka a ƙafa ya fi ƙarfin tsoho. Biyu ko uku da tasi sun wadatar. Gidajen tarihi na gwamnati da dama ba sa buɗewa ranar Talata, shi ya sa aka ba Talatar ga fadoji da kaburbura.

A Jami'ul Fana duk wanda aka ɗauka hoto, mai maciji ne ko mai biri ko mai ganga, kuɗi zai nema, kuma mai lalle in ta kama hannun yarinya ta fara zane sai an biya. A tambayi farashin abinci kafin a zauna.

Lokacin shekara da komawa

Oktoba da Nuwamba, ko Maris zuwa Mayu, su ne lokutan da suka dace. A Yuli da Agusta zafin Fas da Marrakesh yana haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma daren Fas yana da sanyi da ruwan sama, tsofaffin gidajen ba duka ke da abin ɗumama ɗaki ba. Makon Babbar Sallah jirage suna cika maƙil, shaguna su yi kwanaki a rufe. A 2018 aka daidaita agogon Maroko da na Najeriya da Nijar, sai a watan azumi da ake mayar da shi baya da awa ɗaya. Wayar hannu takan rikice a ranakun sauyin, a bi agogon tasha. Soket ɗin wutarsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Nijar, mai zuwa daga Najeriya ya taho da mahaɗi.

Kwanan ƙarshe a Kasablanka inshora ce. Daga Marrakesh zuwa filin jirgin sama sai an sauya jirgi, kuma jinkiri ɗaya ya isa ya sa mutum biyar su rasa tikitin da ya fi duk kuɗin jirgin ƙasan tsada nesa ba kusa ba. Aka kama otal na zamani mai lif daura da Casa Voyageurs, inda za a bar kaya bayan an sallami ɗaki, a tafi masallacin Hasan na Biyu da aka buɗe a 1993 a bakin teku, a dawo a ɗauka. Jiragen Afirka ta Yamma yawanci da dare suke tashi, wasu bayan ƙarfe 12. In tikiti ya nuna 00:40 ranar Asabar, ranar Juma'a da dare ne ake zuwa filin jirgi, kuma a nan mutane da yawa suke makara da yini guda. Jirgin ƙasa na filin ba ya aiki dare farai, don haka a duba na ƙarshe tun da rana, a hau wanda zai isa awa 3 kafin tashi. A auna akwatuna a otal, domin littattafai daga Fas, jallabiyoyi da tukwanen girki na ƙasa da ake kira ɗajin suna ƙara nauyi fiye da yadda ake zato, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi ba a cinikinsa.